Mai Kwali Da Marar Kwali

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Jabal Awliya, ni da ƙanena, ko shayi ba mu tsaya sha ba. Rabin kuɗin na ɗaure shi a ciki da tsumma ƙarƙashin jallabiya, rabin yana cikin waya. Inna ta rako mu har bakin ƙofa, ƙofar da tun dawowarmu buhu ne a rataye a madadin ƙyaure. Ta riƙe hannun rigata ta maimaita abin da ta yi kwanaki tana faɗa: "Ka ji ni ko? Kada ka shigo mini da kayan gidan wani. Ko ƙusa ce." Na ce na ji, Inna.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bina a shafin nan ba, ni kifi nake sayarwa a bakin madatsar ruwa, kuma sanina da kwamfuta bai wuce in ga tana haske ba. Ƙanena ne gwanin. Kafin yaƙi yana jami'a, yana da kwamfutar wasa da ya haɗa da hannunsa, yau ya sayi wannan, bayan watanni ya sayi wancan. Da muka gudu Kosti a ɗakinsa muka bar ta. Da muka dawo, ba ita kaɗai ba, har wayar wuta an zare daga bango. Tun daga nan yaron nan ya zama wani iri, sai kwanciya da kallon rufi. Abokansa duk sun yi arewa wajen haƙar zinariya, daga can wasu su zarce Libiya, kuma akwai wanda har yau uwarsa ba ta ji ɗuriyarsa ba. Sai ga shi rannan ya ce mana shi ma ya ba da sunansa, babbar mota za ta tashi ƙarshen wata.

Inna ba ta yi kuka a gabansa ba. Awarwaronta biyu na zinariya da ta ɓoye a ƙugu duk tsawon gudun hijira ta ciro ta ba ni, ta ce in sayar, a haɗa masa wata kwamfutar, ya buɗe ɗakin zaure samari su riƙa biya suna wasa. Maƙwabcinmu mai cajin waya yana da farantan hasken rana, ya yarda ya ja mana waya da rana. Ƙanena ya ce in dai kwamfuta ta tashi, ya fasa tafiya. Sharaɗin Inna ɗaya ne, wanda kuka ji. Matar da unguwa kaf an sayi firji mai arha a hannun masu kwasar gidaje, ita tana nan da randarta, to ba da wasa take ba.

Kun san mu a Sudan dubu muke kira miliyan, miliyan kuma biliyan. Saboda haka da biliyoyi na shiga mota, ni mai kifi, ina ta dafe ciki kamar mai zawo. Kuɗin motar kansa ya ninka abin da na sani har na rasa lissafi, kwandasta yana ƙyasta yatsu yana karɓa, ba wanda ya yi musu, kowa ya gaji. Daga Jabal har Kalakla hanya ce da na bi ta ba adadi, amma wallahi sai na riƙa ɓacewa. Inda na san gidan mai yanzu baƙin fili ne. Motoci ƙonannu a gefen titi, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Gidaje da yawa an dawo, kana ganin shanya a igiya, amma tsakanin kowane gida mai shanya da na gaba akwai uku huɗu da bakinsu yake a hangame. A shingen bincike kuwa samari ake saukewa a sa su cire takalmi, ƙanena ya sauka ya hau har ya daina ɗaura igiyar takalmi.

Shi ya nace sai mun fara biyawa ta tsakiyar Khartoum, wajen kasuwar Suk Arabi, inda benen masu kwamfuta yake a da. Na ce masa ba komai a can, ya ce a dai je. To mun je. Benen yana tsaye, baƙi ƙirin, matakalarsa cike da gilashi da narkakkiyar roba. Ya nuna mini wani rami a hawa na biyu ya ce nan ne shagon da ya sayi katinsa na farko. Ya daɗe yana kallo, sai na ce mu nemi shayi. A gindin wata bishiya muka sami mai shayi guda ɗaya tal a titin da a da ba ka samun wurin sa ƙafa. Ta zuba mana mai madara, ta ba mu zalabiya, wato ƙosan fulawa, mai zafi da sukari a kai. Da ta ji abin da muke nema ta yi dariya ta ce, "Ya ɗana, masu kwamfuta ai sun haye Umdurman. Ku tafi unguwar Alsawra, can duniya ta koma. Nan sai ni da karnuka."

Mun haye gada rana ta fara zafi. Kogi yana nan abinsa, rassansa biyu, fari da shuɗi, suna haɗuwa inda suka saba, har da mai kwalekwale yana jefa koma, na ji haushinsa ba gaira ba dalili. Umdurman kuwa da rai. Rakshoshi, wato kekunan haya masu ƙafa uku, suna kutsawa ta ko'ina, masu gyaran takalmi, masu ɗinki a bakin titi, wani tsoho yana ta ciniki da Hausar da ta fi tawa kyau. Ramukan harsashi suna nan a bango, an dai shafe wasu da siminti. Mun tsaya mun karya da ful, dafaffen wake, an zuba man riɗi an farfasa burodi a ciki, kwano ɗaya mu biyu, don na riga na fara jin tsoron taɓa kuɗin nan.

Kasuwar da aka kwatanta mana a Alsawra ba zan faɗi sunanta ba, masu gaskiya suna cikinta da yawa. Layin kayan wuta yana can ƙurya. Abin da na fara lura da shi, duk abin da ka taya sai a tambaye ka tambaya biyu. Ta farko, kuɗi hannu ko ta waya, don farashin ba ɗaya ba ne. Ta biyu, mai kwali ko marar kwali. Mai kwali shi ne wanda ya shigo ta Masar ko ta bakin teku, sabo a ledarsa. Marar kwali kuwa ba a tambayar daga ina, shi ma mai shagon ba ya faɗa. Yana nan zube a tabarma, fanka, talabijin, injin markaɗe, wani har da ɗan hoton da yara suka manna masa. Kuɗinsa bai kai rabin na mai kwali ba, wani lokaci ko sulusi. Na ce alhamdulillahi, ashe abin da sauƙin ganewa, kwali kawai za mu bi.

Nan na ga ƙanena ya farfaɗo. Mutumin da a gida sai ka yi masa magana uku kafin ya amsa ɗaya, sai ga shi yana zuba Larabci da masu shago, yana juya kaya yana ƙanƙance ido. Ya yi mini bayani a tsaye. Akwai furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar. Akwai mazabod, faffaɗan allon da kowa yake zama a kansa. Akwai ram mai riƙe aikin da ake kan yi, akwai hadi inda wasannin suke kwana, akwai fawa mai raba wuta. Sai katin hoto, wanda ya ce shi ne wasan gaba ɗaya, in babu shi abin da ka haɗa na buga takardu ne a ofis. Ya ce dabarar mai ƙaramin kuɗi ita ce ya matse ko'ina don ya saki hannu a kan kati.

Haka muka yi ta matsewa. Furosesa ya ɗauki tsohon yayi, ya ce ba ta da gudu amma ba za ta riƙe kati baya ba. Mazabod mafi arha da ta dace da ita. Akwatin da ake zuba su ciki ya ce a bar shi, kafinta zai buga mana na katako. Na ga wata fawa mai arha na ce ga banza ta faɗi, ya harare ni ya ce, "Yaya, wannan in ta tashi mutuwa da kowa take tafiya." Dole muka sayi mai tsada, ina ji ina gani. Ga kuma wata matsalar da masu wutar gwamnati ba su sani ba, wato duk abin da za mu ɗauka sai wanda farantan maƙwabci za su iya ciyarwa, in ba haka ba mu kashe masa sana'a mu kashe tamu. Kowane abu na ce a kawo mai kwali, masu shago suna kallona kamar wanda ya zo daga wata ƙasa. Ɗaya har cewa ya yi, "Ustaz, kai limami ne?" Na ce a'a, ɗan Inna ne.

La'asar ta kusa muka zo kan kati. Abin da ya rage a hannunmu, a layin masu kwali, ba ya sayen komai sai wani ɗan ƙaramin kati da ƙanena ya ce ko kyauta aka ba shi samari ba za su biya su yi wasa a kansa ba. A tabarma kuwa, da kuɗin nan namu, ga wani ƙato mai fanka uku, har da canji. Ya ɗauke shi da hannu biyu kamar jariri, ya hure ƙurar, ya ce irinsa yake mafarki tun yana jami'a. Bai roƙe ni ba. Da ma ya roƙa, da na sami abin yi wa faɗa. Na ce ajiye, ya ajiye. Muka zaga layin nan har ƙafata ta fara ciwo, amsa ɗaya ce ko'ina. A raina na riga na ga motar arewa tana tashi da shi a sama, na ga kaina ina shiga gida da rabin kwamfuta da kuɗin awarwaron da ba zai dawo ba. Na zauna a kan wani benci na ji duniyar ta ishe ni.

Wani mai shago da muka wuce sau biyu ne ya yafito mu. Dattijo ne mai fara'a, da tabon sallah a goshi. Ya ce ya ga wahalarmu, akwai guda ɗaya da ya ajiye wa wani bai zo ba. Ya shiga ciki ya fito da kwali mai sheƙi, a naɗe da leda, kati matsakaici mai fanka biyu, marar cin wuta. Ya ce ta Masar ya shigo. Kuɗinsa ya ɗara abin da ke hannunmu kaɗan, amma ya yi ƙasa da na sauran shaguna sosai. Ƙanena ya ce in muka mayar da ram ɗaya cikin biyun da muka saya muka zauna da ɗaya, muka sauya hadi da ƙarami, zai isa. Muka ruga muka yi hakan. Dattijon ya yanke ledar a gabanmu, ya tayar da janareta a bakin shagon, hayaƙi ya turnuƙe mu, ya soka katin a kwamfutarsa, hoto ya fito, ya kashe don mai tsada ne. Ya ce wanda aka saya ba a dawowa da shi. Na zazzage cikina da wayata, har addu'a na yi masa.

Dare ya kusa, ga dokar hana fita, sai muka kwana gidan gwaggonmu a tsohuwar Umdurman. Ta ba mu kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, ta ba mu labarin waɗanda suka rasu a layinsu gida gida, sannan da ta ji ba mu da allon kallo ta ce mu ɗauki tsohuwar talabijin ɗinta, ita ba abin da take son gani a ciki yanzu.

Da safe muna hanyar tasha, ni da talabijin a ka, shi da buhun kaya, muka bi ta bayan kasuwa. A nan na ga wani mutum ya baje kwalaye a ƙasa, tuli guda. Na waya, na fanka, na injin markaɗe, na katin hoto, duk sababbi, duk babu komai a ciki. Gefensa ga naɗin leda da dutsen guga a kan garwashi. Bakina da ba ya shiru na ce, malam, me ake yi da kwali ba kaya? Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Kaya ai sun yi yawa a garin nan, ɗan'uwa. Kwali ne ya yi ƙaranci." Na ji talabijin ɗin ta ƙara nauyi. Na juya wajen ƙanena, shi kuwa yana kallon wani wuri. Ya ce, "Yaya, mota za ta cika."

Muka haye gada muka wuce Khartoum. Ina ta ba kaina haƙuri, ai ba kowane kwali ba ne na mutumin nan, ai dattijon nan da tabon sallah. Wajen Kalakla na kasa daurewa na ce, ka duba katin nan da kyau? Ya ce ya duba. Na ce sabo ne? Ya juya yana kallon taga ya ce, "Yana da kwali." Ban sake tambaya ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, tsoron amsar nake ji.

Inna tana zaune a tsakar gida muka shiga. Kafin sannu da zuwa ta ce, da kwalinsu? Muka jera mata su a tabarma, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya tana sa mana albarka. Washegari da rana ta hau, maƙwabci ya ja waya, ƙanena ya shimfiɗa kayan a kan tebur a zaure tun kafin kafinta ya kawo akwati. Inna ta kawo tabarmarta ta zauna bakin ƙofa tana kallo. Ya danna, fanka ta juya, talabijin ɗin gwaggo ta kawo haske. Ya sa wasan tseren mota. Jama'a, yaron nan ya yi dariya. Tun kafin mu gudu rabona da jin wannan dariyar, har na fita waje na share ido na dawo.

Wasan ya yi nisa, katin ya ɗauki zafi, fankokinsa suka ƙara gudu. Sai wani ƙamshi ya fara tashi a zauren. Da farko na ɗauka daga maƙwabta ne. Turaren wuta ne, mai sandal, irin wanda yake kama labule da katifa a gidan da aka yi shekaru ana turarawa. Gidanmu kuwa tun da muka dawo ba a sa turare a wuta ba. Daga cikin katin yake fitowa, iskar fankar tana turo shi.

Inna ta ɗaga kai ta ja numfashi. Ta sake ja. Ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "Wannan haɗin mace ce mai tsafta. Ba ta yi rowar sandal ba." Sannan ta ce, "Allah ya sa tana raye."

Motar da ke cikin talabijin ta daki bango ta tsaya. Ƙanena ya sauke hannunsa, bai juyo ba, ya ce, "Inna, in kashe?" Fankar tana ta juyawa, ƙamshin yana ƙaruwa. Can Inna ta ce, "Motar nan ta arewa, yaushe ka ce za ta tashi?" Ya ce jibi. Ta dafa bango ta miƙe ta shiga ciki. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga ta ta dawo da kasko da garwashi, da wata 'yar kwalba da ban san tana da ita ba, ragowar turarenta na da. Ta barbaɗa, ta tura kaskon ƙarƙashin tebur, hayaƙinta ya tashi ya rufe na waccan matar. Ta ce, "Yi wasanka." Ta naɗe tabarmarta ta fita.

Motar ta tashi ba da shi ba. Samari suna zuwa, kuɗi kaɗan yana shigowa, har an fara maganar ƙyaure. Masu tambayata yadda ake haɗa kwamfutar wasa da ƙaramin kuɗi, abin da na koyo ke nan: ku matse a furosesa da mazabod, kada ku yi arha a fawa, ku san ƙarfin wutarku kafin ku zaɓi kati. Batun kwali kuwa ba ni da shawarar da zan ba kowa. Na je da niyyar in dawo da hannuna a wanke, na biya kuɗin hakan har da ƙari, ban samu ba, kuma ban san ko akwai wanda yake samu a garin nan yanzu ba. An kwashe gidanmu na yi baƙin ciki, amma bai kai na ranar nan ba, don ranar ce na ga an karɓe wa Inna abin da ta fi awarwaronta riƙewa, kuma da hannuna aka shigo da abin. Ba ta taɓa yi mini maganar ba. Kullum da safe takan sa garwashi a kasko ta miƙo mini in kai zaure, amma ita ba ta sake taka ɗakin ba.